Darasi na 8: Fasa-ƙaba, Ganyen da Muke Takawa Mu Wuce

Manufar darasi

A ƙarshen wannan zama, kowace mace za ta iya:

1. gane fasa-ƙaba, ta bambanta shi da ciyayin da suka yi kama da shi;
2. faɗin abin da yake ƙara wa jiki, da abin da ba zai iya yi ba;
3. sanin wuraren da ba a tsinkarsa don ci;
4. shuka shi a gida, ta ci, in ya yi yawa ta sayar.

Lokaci: awa ɗaya, bayan an gama zubi an rufe akwati.

Kayan da jagora za ta kawo: fasa-ƙaba ɗanye da saiwarsa, nonon kurciya, gadon maciji in an samu, tsohon baho ko buhu, ƙasa mai kyau, ruwa da gishiri.

Gabatarwa

A kowace ƙungiya, idan aka zo lissafin abin da yake cinye kuɗin mace, kuɗin cefane ne a gaba. Hatsi yana iya kasancewa a rumbu, amma abin miya kullum sai an nema. Idan hannu ya yi ƙunci kuwa, ganye ne ake fara ragewa, a koma kuka da daddawa safe da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum yana bukatar giram 400 na ganye da kayan marmari a kowace rana. Mu tambayi kanmu, gida nawa ne a cikinmu yake kaiwa ko rabin haka?

Yau za mu yi magana a kan wani ganye da ba ya bukatar kuɗin iri, ba ya bukatar takin zamani, kuma ba ya shan ruwa da yawa. Ni 'yar cikin birnin Kano ce, da misalin birni zan yi muku bayani, domin a can ne ake ganin alherin ganyen nan da haɗarinsa a wuri guda. Saƙona ɗaya ne: fasa-ƙaba abinci ne mai kyau, amma kyansa yana ga ƙasar da ya tsiro a kai. Mu ɗauke shi daga juji mu kawo shi tsakar gida.

Sunayensa

Iyayenmu sun san shi tun da daɗewa, shi ya sa sunayensa suke da yawa. Ana ce masa fasa-ƙaba ko fasa-kumburi, saboda ana dandaƙa shi a ɗora a kan ƙaba ko wurin da ya kumbura. Wasu suna ce masa harshen saniya, saboda kauri da santsin ganyensa. Wasu kuma sarkin jibji, wato sarkin juji, saboda nan ne fadarsa.

A nan sai mu yi hattara. Akwai masu ce masa babba-jibji, alhali a wasu garuruwan wannan suna na zaƙami ne, wanda ake kira haukata-yaro, shi kuwa guba ne. Don haka kada ki aiki yarinya da suna kawai ki ce ta samo miki. Ki nuna mata da idonta. Gani ya kori ji.

Ba mu kaɗai muka san shi ba. Wadda ta je aikin Hajji ko Umara ta shiga wajen masu kayan miya tana iya ganinsa a ɗaure ana sayarwa, Larabawa suna ce masa rijla. A Masar da Sudan miyarsa ake yi. A Turkiyya da kindirmo da tafarnuwa suke haɗa shi. A Girka ɗanye suke cinsa da man zaitun, a Meziko kuma da nama ake dafa shi. Abin da muke nomewa mu zubar a bakin kunya, wasu da kuɗi suke saye. Raina kama ka ga gayya ke nan.

Yadda za ki gane shi

Jagora ta miƙa ganyen ya zagaya, kowa ta taɓa.

- Kwance yake a ƙasa, rassansa sun bazu daga saiwa ɗaya kamar faifai.
- Karansa ja-ja ne, mai santsi, mai ruwa, ba gashi a jikinsa.
- Ganyensa ƙanana ne masu kauri, kansu ya fi gindinsu faɗi.
- Furensa ɗan mitsitsi ne ruwan ɗorawa, da hantsi yake buɗewa, kafin azahar ya rufe.
- Ƙwansonsa yana buɗewa kamar an ɗage murfin tukunya, irin ciki baƙi ne kamar yashi.
- In kin tauna, za ki ji ɗan tsami-tsami, da ɗan gishiri, da ɗan yauƙi.

Ga gwajin da ya fi kowanne muhimmanci: ki karya karan. Ruwan fasa-ƙaba garau yake kamar ruwan sha. Idan kika ga farin ruwa kamar nono ya fito, to nonon kurciya ne ko danginsa, waɗanda su ma suke shimfiɗuwa a ƙasa, sau da yawa ma a wuri ɗaya suke tsirowa. Wannan ba na tukunya ba ne, a yar. Gadon maciji shi ma yana kama da shi, sai dai ganyensa ya fi faɗi da zagaye, furensa kuma fari ne ko mai ɗan ja, ba ruwan ɗorawa ba.

Me ke cikinsa?

Ma'aikatar Gona ta Amurka tana da kundin da take rubuta abin da aka auna a cikin kowane irin abinci. Ga abin da aka samu a giram 100 na ɗanyen fasa-ƙaba, wato kimanin cikin tafin hannu biyu idan kin haɗa su kin cika:

- Ruwa: kusan giram 93.
- Sinadarin ƙarfe mai gina jini: kusan miligiram 2.
- Bitamin C: miligiram 21.
- Fotasiyam: miligiram 494.
- Magniziyam: miligiram 68.
- Kalsiyam: miligiram 65.
- Sinadarin da jiki yake mayarwa bitamin A.

Kada lambobin su ruɗe ku, bari in fassara su da maganar gida.

*Jini.* Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano cewa a cikin mata 100 masu shekara 15 zuwa 49, guda 58 suna da ƙarancin jini. A yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa, 68 ne cikin 100. Kun san alamunsa: gajiya ba dalili, jiri idan an miƙe, haki a kan ɗan aiki kaɗan, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Mace mai haila tana bukatar kimanin miligiram 18 na sinadarin ƙarfe a rana, mai ciki kuma 27. Kun ga miligiram 2 ba zai biya bukata shi kaɗai ba, kuma ba duka jiki yake tsotsa ba. Amma idan ya haɗu da na wake, da na gyaɗa, da na zogale, da na gero, sai a tara abin kirki. Kamar zubinmu ne, kaɗan-kaɗan ake cika akwati.

*Bitamin C.* Abin da yake cikin tafin hannu biyun nan ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na abin da mace take bukata a rana. Shi ne yake taimaka wa ciwo ya warke, ya ƙarfafa dasashi, kuma shi ne yake buɗe wa sinadarin ƙarfe ƙofa ya shiga jini. Sai dai ba ya jure doguwar dahuwa, kuma kanwa tana kashe shi.

*Ido da fata.* Bitamin A yana kare yaro daga dundumi, yana ƙara wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Amma sai da maiƙo jiki yake iya ɗaukarsa daga ganye. Shi ya sa kwaɗon da aka sa wa ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi ganyen da aka ci gaya.

*Zuciya da jijiyoyi.* Fotasiyam ɗin da yake cikinsa ya fi na ayaba idan aka auna nauyi ɗaya. Abincin da yake da fotasiyam, idan aka haɗa da rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, yana taimakawa wajen daidaita bugun jini. Magniziyam kuma na ƙashi ne da tsoka.

*Mai irin na kifi.* Wannan shi ne abin da ya fito da sunan ganyen a duniya. A 1986 wata likita mai suna Artemis Simopoulos, 'yar asalin Girka da take aiki a Amurka, ita da abokin aikinta Norman Salem, suka bayyana cewa fasa-ƙaba yana ɗauke da wani mai da ake kira omega-3, kuma yana cikin ganyayen da suka fi kowanne yawansa. Wannan mai dangin wanda ake samu a kifi ne, zuciya da ƙwaƙwalwa suna bukatarsa. Na kifi ya fi ƙarfi, jiki kuma kaɗan yake iya juyawa daga na ganye, to amma ga gidan da kifi sai an yi baƙo, wannan ba abin rainawa ba ne. Bayan shekara uku suka sake auna ƙwan kajin wata gona a Girka, waɗanda suke yawo suna tsattsagar ciyayi har da fasa-ƙaba, suka tarar man nan ya fi yawa a ƙwansu nesa ba kusa ba a kan ƙwan kajin da aka tsare a keji. Masu kiwon kaji, ku riƙe wannan.

Abin da ba zai yi ba

Yanzu zamani ne na waya, kullum ana turo saƙo cewa ganye kaza yana warkar da cuta arba'in. Za ki ji an ce fasa-ƙaba yana maganin ciwon suga, da hawan jini, har da ciwon daji. Ni ba haka zan gaya muku ba. Abinci ne. Wadda likita ya ɗora a kan magani ta ci gaba da shan abinta, ta ci ganye a gefe. Mai ciki ta ci gaba da zuwa awo, ta sha ƙwayar ƙarin jini da ake ba ta. Yaron da ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ce, asibiti za a kai shi ranar, ba a tsaya dafa ganye ba.

Kuma ba ya ƙosarwa, tunda kusan dukkansa ruwa ne. Abokin tuwo ne, ba madadin tuwo ba.

Batun ɗora shi a kan kumburi kuwa, yana sanyaya wurin, wannan gaskiya ne. Amma kada a sa shi a buɗaɗɗen ciwo. Idan kumburi ya zo da zazzaɓi, ko ya tara ruwa, ko ya kwana biyu yana ƙaruwa, a tafi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa.

Inda ya tsiro: darasi daga cikin birni

Nan ne zuciyar darasinmu, ku ba ni hankalinku.

Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu kimanin shekara 900 da suka wuce, ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. An bar fili mai yawa a ciki domin noma da kiwo, saboda ko an rufe ƙofofi lokacin yaƙi a samu abin ci. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da gonaki da filaye masu faɗi a cikin ganuwa. A irin wannan gari, ganyen miya a bayan gida yake.

Yau gidaje sun cinye filayen nan, daga gindin Dala har Goron Dutse. Matar cikin birni sai ta aika Kasuwar Rimi ko ta jira mai talla kafin ta ga ganye. Fasa-ƙaba dai bai bar garin ba. Da ruwan farko ya sauka za ki gan shi a gindin badala, a bakin kududdufi, a gefen kwata cikin lungu, a kan juji, kore shar, ganyensa ya fi na gona girma. To wannan ƙibar ita ce abin tsoro. Ya yi ƙiba ne saboda abin da yake sha.

Ku dubi Jakara, rafin da ya ratsa birni ta gefen Kasuwar Kurmi. Ruwan kwatocin unguwanni a cikinsa yake ƙarewa. Can gaba kuma rafin Getsi, mai ɗauko ruwan masana'antun Bompai, ya haɗe da shi, su gangara zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Ana noman rani a bakin wannan ruwa, kuma masu bincike, har da na Jami'ar Bayero, sun sha auna ƙasar wurin da ganyayen da ake nomawa, suna samun guba irin su dalma. Fasa-ƙaba kuwa yana cikin tsirran da suke zuƙar irin wannan guba daga ƙasa su ajiye a jikinsu.

Dauɗa iri biyu ce, ku bambanta su:

1. Ta bayan ganye. Ƙwayoyin cuta daga bahaya da ruwan kwata: kwalara, taifot, tsutsar ciki. Ba mu manta da 2021 ba, shekarar da amai da gudawa ya kwantar da dubban mutane, Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Wanki mai kyau yana rage wannan dauɗa, dahuwa tana kashe ta.
2. Ta cikin ganye. Dalma da 'yan'uwanta, da maganin feshi. Wannan ko kin wanke sau goma, ko kin tafasa tun safe har azahar, dalma tana nan. Ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano. A hankali take taruwa a jiki, kuma ƙwaƙwalwar yaro da ɗan da yake ciki ta fi yi wa illa. Mun ji abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce.

Wata za ta ce, "Malama, ai mu a ƙauye muke, ina ruwanmu da Jakara?" To ki leƙa jujin garinku. Jujin da can toka ce da kashin dabbobi da shara. Na yanzu akwai mataccen batir, da fasasshiyar fitila, da leda, da robar maganin feshi, da baƙin man inji. Jujin ƙauye ya fara zama ƙanin jujin birni. Ga kuma maganin kashe ciyawa da ya zama ruwan dare a gonaki.

Saboda haka, kada a tsinki fasa-ƙaba don ci a waɗannan wurare:

- kan juji ko inda ake ƙona shara;
- bakin kwata, kududdufi, ko kusa da masai;
- bakin titin mota, garejin makanikai, ko wajen injin niƙa;
- inda ake rini ko jima;
- gonar da aka yi wa feshi, ko wadda ba ki san ko an yi ba;
- inda dabbobi suke kwana ko yara suke bahaya.

Yadda za ki shuka naki

Abin daɗin shi ne, babu ganyen da ya kai shi sauƙin shuka. Manoma sun san halinsa: ka nome shi ka yar, ruwa ya sauka ya sake kamawa. Wannan taurin kan da yake ba manomi haushi, shi ne ribarmu.

1. Ki samu tsohon baho, ko daro, ko buhu, ki huda ƙasansa ruwa ya riƙa fita. Kada ki yi amfani da mazubin da aka taɓa sa maganin feshi, fenti ko man inji.
2. Ki cika da ƙasar gona mai yashi-yashi, ki gauraya da takin dabbobi da ya ruɓe sosai. Ban da ƙasar juji. Kada taki ya yi yawa.
3. Ki yanko rassa masu tsawon yatsa daga wuri mai tsabta, ki soke su a ƙasa, tazarar faɗin tafin hannu. In da iri ne, ki barbaɗa a sama ki danna da hannu, kada ki binne, yana son haske kafin ya tsiro.
4. Ki ajiye inda rana take bugawa sosai, inda awaki da kaji ba za su kai ba. Kan katanga ko kan soro ya yi.
5. Ruwa kaɗan ya ishe shi. Ruwan alwala ko ƙasari ya wadatar. Ban da ruwan sabulu. Sai ƙasa ta sha iska ki ƙara, yawan ruwa ruɓar da shi yake yi.
6. Wanda aka dasa da reshe, cikin 'yan makonni ya kai yanka. Ki yanki saman ki bar kamar faɗin yatsa uku, zai sake tofowa.
7. Ki bar tushe ɗaya ko biyu su yi fure. In ƙwanson ya nuna, ki tuge ki shanya a faifai, irin zai zube da kansa. Tushe ɗaya yana ba da dubban iri, kuma yana shekaru bai mutu ba. Ki adana a kwalba.

Da sanyin hunturu yana jan jiki. Da zafin bazara kuwa, lokacin da alayyafo yake tsada, shi ko a jikinsa, muddin yana samun ɗan ruwa. Dalili shi ne, idan fari ya matsa masa, sai ya rufe ƙofofin ganyensa da rana don kada ruwa ya tsere, ya buɗe da dare. Da daren yake tara tsami, shi ya sa wanda aka tsinka da asuba ya fi tsami, na la'asar ya fi laushin ɗanɗano. Ki zaɓi lokacin da ya dace da girkinki.

Yadda ake sarrafa shi

*Wanki.* Ki cire saiwa da tsohon kara. Ki wanke a ruwa mai tsabta sau uku, na farko da gishiri, kina tsamo ganyen daga ruwan, ba ki tsiyaye ruwan ta kansa ba, don yashi ya zauna a ƙasa. Ki wanke kafin ki yanka.

*Kwaɗo.* Ki zuba shi a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci kaɗan, ya yi laushi amma bai narke ba. Ki tsame ki zubar da ruwan. Ki haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, ɗan attarugu, ɗan man gyaɗa, ki matsa lemon tsami. In kin haɗa rabi da rabi da zogale ko rama, ya fi daɗi kuma ya fi amfani.

*Miya.* A miyar taushe ko ta gyaɗa, shi ne na ƙarshen shiga, dab da saukewa. Ɗan yauƙinsa yana ɗaure miya. Ba ya bukatar kanwa ko kaɗan.

*Fate da dambu.* A faten tsaki ko na wake yana tsayawa a madadin yakuwa ko alayyafo. A dambu ki gauraya shi da zogale kafin turarawa ta ƙarshe.

*Da kindirmo.* Ki yanka wanda aka ɗan tafasa ƙanana, ki zuba a kindirmo da ɗan gishiri da albasa. Baƙon ci ne a wurinmu, amma akwai hikima a ciki, za ku ji ta yanzu.

*Ajiya.* Saboda ruwansa, ba ya bushewa da sauri. Ki ɗan tsoma shi a ruwan zafi, ki baza a inuwa inda iska take kaɗawa. Busasshe ya rasa yawancin bitamin C, amma sinadarin ƙarfe yana nan.

A guji shan shayi a kan abinci, domin yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. A bari a ɗan jima.

Zuma da zaƙi da harbi: su wa za su yi hattara?

Fasa-ƙaba yana da wani sinadari da yawa, ana ce masa oksalet. Akwai shi a alayyafo da yakuwa ma. Idan ya yi yawa a jiki, yana iya taruwa ya zama tsakuwar ƙoda. Hanyar rage shi uku ce: a tafasa a zubar da ruwan, a ci da nono ko kindirmo domin kalsiyam ɗin nono yana kama shi tun a hanji ya fita da shi, sannan a sha ruwa sosai.

- Mai ciwon ƙoda, ko wadda ta taɓa yin tsakuwar ƙoda: ta bar shi, sai in likita ya yarda. Fotasiyam ɗinsa ma nauyi ne ga ƙodar da ta gaza.
- Mai ciki: ɗan kaɗan dafaffe a cikin miya ya isa. Kada ta jiƙa ko ta dafa shi ta riƙa sha a matsayin magani.
- Jariri: kafin wata shida nonon uwa zalla. Daga nan zuwa shekara ɗaya, in za a ba shi, ɗan kaɗan dafaffe a cikin fate, ba kullum ba.
- Kowa da kowa: a riƙa sauyawa. Yau fasa-ƙaba, gobe zogale, jibi rama ko tafasa. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar.
- Dabbobi: kaji su ci abinsu. Amma kada a tara wa akuya ko tunkiya mai yunwa shi kaɗai tuli guda, yana iya yi mata illa. A haɗa da harawa ko dusa.

Lissafin ƙungiya

Kowace mace ta faɗi nawa take kashewa a ganyen miya a mako. Magatakarda ta rubuta. Idan baho biyu a tsakar gida suka ɗauke miki cefanen ganye na kwana biyu a mako, nawa ya rage a hannunki a wata? Wannan kuɗin zai iya zama ƙarin zubi, ko kuɗin sabulu, ko na littafin yaro.

Maganar sayarwa kuma a bi ta a hankali. Mutane da yawa har yanzu ciyawa suka ɗauke shi, ba za su ba da kuɗi a kan abin da suke gani a bakin hanya ba. Don haka kada wadda ta ci bashin akwati a kan wannan sana'a tun yanzu. A fara da gida. Mai tallan kwaɗo ta gauraya kaɗan da zogale, ta gaya wa masu saye abin da ta sa, ta ji bakinsu. In ya karɓu, sai a ƙara. Kuma abin da za ki sayar da shi ba ganyen kaɗai ba ne, amana ce: ki iya cewa, "A gidana na shuka, da ruwan rijiya." Matar cikin birni da ba ta san inda ganyen kasuwa ya fito ba, wannan kalma tana da daraja a wurinta. Ƙungiya ta yi alkawari a tsakaninta cewa babu mai tsinko na juji ta haɗa a kayan sayarwa. Ɗan wani da zai ci, kamar ɗanki ne.

Tambayoyin tattaunawa

1. Da wane suna kuka san ganyen nan a garinku? Akwai wani tsiron da yake amsa sunan?
2. A ina ya fi fitowa a nan? Cikin wuraren, wanne ne mai tsabta, wanne ne ba a yarda da shi ba?
3. Wace dauɗa ce wanki da dahuwa suke kawarwa, wacce ce ba sa kawarwa?
4. Idan maƙwabciya ta ce ta daina shan maganin hawan jini ta koma fasa-ƙaba, me za ki ce mata?
5. Waɗanne ganyaye ne iyayenmu suke ci da muka bari yanzu?

Aikin wannan mako

Kafin a tashi, jagora ta shuka baho ɗaya a gaban kowa, kowace mace ta karya kara ɗaya na fasa-ƙaba da ɗaya na nonon kurciya ta ga bambancin ruwansu. A zaɓi mata uku da za su fara shukawa a gidajensu, su raba wa sauran rassa idan ya yi yawa. Kowace mace ta nuna wa 'ya'yanta wuraren da ba a tsinka. A taron da za a yi bayan wata ɗaya, masu shukar su kawo abin da suka yanka, wata ta kawo ƙuli-ƙuli, wata albasa, mu yi kwaɗo mu ɗanɗana tare.

Allah Ya ba mu lafiya da abin da lafiya za ta ci, Ya sa albarka a zubinmu. Amin.